Hannun da Na Sa a Takardar Isuhu

Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidan nan, cewa wani mutumin Damagaram mai suna Isuhu ya ci amanata, ya raba ni da aikina a masaƙa. Gwaggonku Rabi ce ta fara ta saboda son ɗan'uwa, ni kuma na ƙyale ta shekara da shekaru domin labarin ya fi yi mini daɗi a haka. Ummanku, Allah ya jiƙanta, ta san gaskiya, amma ba ta taɓa kunyata ni a gabanku ba. Yanzu idona na dama ya fara hazo, na ga gara in rubuta abin da ya faru da hannuna tun ina iya ganin layi.

Shekarar da aka haifi Bilkisu ce. A lokacin ni akawu ne a ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Sharaɗa, muna zaune a gidan Malam, kakanku, a Gandun Albasa. Kullum da safe nakan hau kekena in bi ayarin masu kekuna da masu tafiya a ƙafa, kowa na sauri kada jiniya ta riga shi ƙofa. Masaƙa ba ta tsayawa. An raba ma'aikata kashi uku, 'yan safe da 'yan yamma da 'yan kwana, ni kuma aikina shi ne in tsara wanda zai shiga yaushe. Duk ƙarshen wata nakan shimfiɗa babbar takarda a tebur, in ja layuka da rula, in jera sunaye. Dokar aikin guda ce mai ƙarfi: wanda ya kwana a bakin inji ba ya sake shiga sai ya huta yini guda, domin injin saƙa ba ya yi wa mai gyangyaɗi uzuri. Shekara takwas ina wannan aiki, ban taɓa karya dokar ba ko sau ɗaya, kuma ina alfahari da haka fiye da kima.

A shekarar ne kamfani ya sayo kwamfuta. Aka ware mata ɗaki mai na'urar sanyi, aka shimfiɗa darduma, ba a shiga da takalmi. Aka zaɓi mu shida, aka ɗauko wani matashin injiniya daga Zariya, Malam Bashir, ya koya mana yadda ake ba ta umarni. Abin da jikokina ke kira manhaja yanzu, mu firogiram muke ce masa. Umarni ne kake jerawa layi bayan layi, kowane layi da lambarsa, na'ura ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tambaye ka ko kana cikin hankalinka ba. Da yake kwamfutar ɗaya ce, a takarda muke fara rubutawa da fensir, sai layinka ya zo ka samu awa guda ka buga.

A cikinmu shida, Isuhu ne kaɗai bai yi sakandare ba. Ya zo Kano yana saurayi, ya fara da ɗaukar dilar auduga, ya zama mai kula da inji, ya koyi boko a ajin yamma. Turancinsa a karye yake, idan ya yi tambaya sauran sukan sunkuyar da kai suna dariya. Amma kansa na ja ƙwarai. Mu biyu muka saba, kullum tare muke cin shinkafa da wake a rumfar wata tsohuwa a bakin ƙofa. Ni nake fassara masa kalmomin da suka shige masa duhu, kuma a raina na ɗauke shi ɗalibina. Ban lura da lokacin da ya wuce ni ba sai ranar da na ga Malam Bashir ya tsaya a bayansa yana kallon takardarsa, yana gyaɗa kai.

Da kwas ya zo ƙarshe, Malam Bashir ya ba mu aikin gwaji. Kowa ya rubuta firogiram da zai riƙa fitar da jadawalin ma'aikata na wata. Wanda nasa ya fi kyau, da shi kamfani zai yi aiki, kuma shi zai riƙe ɗakin kwamfuta. Na ji kamar an ce ga kujerarka, domin wannan aikin nawa ne tun kafin a san za a ƙera na'urar. Bayan mako uku muka kawo, sai ya ƙi karɓa.

"Ba ni zan fara dubawa ba," in ji shi. "Ku yi musaya bibbiyu. Mutum ba ya ganin kuskurensa, saboda abin da ya yi niyyar rubutawa yake karantawa, ba abin da ya rubuta ba. Kowa ya bi na ɗan'uwansa layi-layi, ya nuna masa inda ya kauce, ya gyara. In ka gama, ka rubuta 'na duba' a ƙasa, ka sa hannu."

Ya haɗa ni da Isuhu. Daga baya na gane dalilinsa: ni na san jadawali, Isuhu ya san na'ura, kowa zai toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Na tafi da takardun Isuhu gida, na zauna a soro bayan la'asar ina bi. Tun shafin farko na ga ya wuce ni. Abin da na yi a shafi tara, shi ya yi a shafi huɗu, a tsabtace, babu layin da ya zauna a banza. Na bi shi sau biyu ina neman abin kamawa, ban samu ba. A karo na uku na yi abin da na saba yi da hannu, wato na ɗauko ranar ƙarshen wata na ɗora ta a kan ranar farkon wata mai zuwa. Nan na gani. Idan wata ya ƙare, firogiram ɗinsa yana share duk abin da ya riƙe, ya fara rabo daga farko. Ba ya tuna waɗanda suka yi kwanan ƙarshe. A cikin wata babu matsala ko kaɗan, amma ranar ɗaya ga sabon wata, wasu daga cikin waɗanda suka kwana za su iya faɗowa cikin 'yan safe. Gyaran bai wuce layi uku ba. Har na ɗauki jan biro, sai na ajiye. Na ce a raina, ai Malam Bashir zai gani da kansa, in ya gani kuwa an gama magana. Ban yi wa Isuhu sharri ba, ban ƙara masa komai ba, shiru kawai zan yi. Haka na lallashi kaina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Isuhu a ƙofar gidanmu, ya jingine kekensa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ciro takarduna daga cikin leda, duk sun yi ja da biro. Kuskure tara ya samu. Mafi muni shi ne na sa na'ura ta riƙa gane mutum da sunansa maimakon lambarsa, ga shi kuwa muna da Muhammadu Sani har uku a ɗakin saƙa.

"Malam Sa'idu, ka yi haƙuri da jan biron," in ji shi. "Na ga in na bari sai Litinin ba za ka samu lokacin gyara ba, shi ya sa na taho."

Muka zauna a soro, ya bi da ni ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta mini yadda zan gyara guda biyu da suka gagare ni. Ummanku ta aiko da dambu da ruwan sanyi. Da ya tashi tafiya, ya riƙe kan kekensa, ya juyo.

"Nawa fa? Ka samu wani abu?"

"Naka lafiya lau," na ce masa. "Wurare biyu ne ka yi kuskuren rubutun Turanci, na gyara."

Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, ya ce alhamdu lillahi, tunda ni na duba hankalinsa ya kwanta. Ranar Litinin na rubuta "na duba" a ƙasan takardarsa, na sa hannu.

Malam Bashir bai gani ba. Da jadawalin wata guda ya gwada kowa, na Isuhu ya fito tas. Aka ba shi ɗakin kwamfuta, aka bar ni a teburina, aikina ya koma karɓar abin da na'ura ta buga in kai in manna a allo. Malam Bashir ya koma Zariya. A nan ne na gane ramin da na shiga. In na yi magana yanzu, za a tambaye ni yaushe na gani. In na ce yanzu na gani, to me na duba da na sa hannu? Watan farko ya tafi lafiya, kowa na yaba na'ura, manaja na kawo baƙi daga Bompai suna leƙa ta ta gilashi. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki.

Kwana uku kafin wata ya ƙare aka buga sabon jadawali. Na ɗora shi a kan tsohon, na ga sunaye bakwai da suka faɗa inda nake tsoro. Da hannuna na manna shi a allo. Da na koma gida na kasa cin tuwo, Ummanku ta matsa mini, na gaya mata komai. Tana goye da Bilkisu, ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona.

"Mutumin da ya zo har soron nan ranar Juma'a?"

"Shi."

"To gobe ka je ka gaya masa. Ba sai kowa ya ji ba."

Na ce mata zan gaya masa. Washegari na je har ƙofar ɗakin kwamfuta, na cire takalmi ɗaya, na hango shi ta gilashi a kan kujerar da na sa wa rai, sai na mayar da takalmina. Na ce ai hedima, shugaban ma'aikatan ɗakin saƙa, zai lura, zai kai ƙara, kuskuren ya fito da kansa ba tare da bakina ba, a gyara kafin a shiga aiki. Ina so ku karanta wannan wurin da kyau. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma rashin sani ba ne. Ina so ne a ga kuskuren Isuhu a bainar jama'a.

Ranar ɗaya ga wata, da misalin bakwai na safe, hediman ɗakin saƙa ya zo teburina da takarda a hannu.

"Malam Sa'idu, mutanen nan bakwai yanzu suka fito daga kwana, ga su kuma a cikin 'yan safe. Yaya ke nan?"

Ina da ikon in ɗauki biro in soke sunayen, in kira wasu. Shekara takwas ina yin irin haka idan wani ya yi rashin lafiya.

"Ba ni nake yi ba yanzu," na ce masa. "Kwamfuta ce. Je ka tambayi mai ɗakin."

An aiki Isuhu Bompai ɗauko takardar bugawa, ni kuma na san da haka. Hedima ya je ya tarar da ɗaki a kulle. Ya wuce wurin mataimakin manaja, aka ce masa na'ura ba ta kuskure, wanda bai shiga ba a rubuta masa fashi. Mutanen suka wanke fuska, suka sha koko a bakin ƙofa, suka koma bakin inji.

Wajen ƙarfe goma na ji injinan ɗakin saƙa sun tsaya gaba ɗaya. Wanda bai yi aiki a masaƙa ba ba zai san yadda wannan shirun yake ba. Na fito na ga an ɗauko mutum, an naɗe masa hannu da sabon yadi, jini ya rine shi. Sunansa Malam Garba, mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim, ya haura arba'in, ba ya da hayaniya, kullum da carbi a aljihun rigar aikinsa. Barci ya fizge shi a tsaye, hannunsa na dama ya bi bel ɗin da ke juya inji. Yatsu uku aka cire masa a asibiti.

Aka kafa kwamitin bincike. Isuhu ya dawo daga Bompai ya tarar da abin da ya faru, ya shiga ɗakinsa, cikin rabin awa ya gano layin. Da aka kira shi gaban kwamiti bai yi gardama ba. Ya ce kuskurensa ne, shi ya rubuta. Aka tambaye shi ko wani ya duba masa, ya ce an duba, amma abu ne mai wuyar gani, kada a ɗora wa kowa. Ni aka kira ni na minti biyar, aka nuna mini sa hannuna, na ce ban lura ba, aka sallame ni. Kafin mako ya ƙare labari ya bazu cewa za a kori Isuhu, kuma ni za a ba ɗakin, tunda nawa ne ya zo na biyu.

Ummanku ta daina yi mini magana in ba ta kama dole ba. Ba ta yi faɗa ba, takan ajiye mini abinci ta juya. Malam ya lura. Ku da kuka riske shi kun san aikinsa, kwafar littattafai da hannu, kuma kun san ba ya sakin littafi sai ya kai wa abokansa biyu sun bi shi harafi-harafi. Wata safiya bayan ya gama lazimi ya kira ni ɗakinsa, ya ce in gaya masa abin da ya shiga tsakanina da iyalina. Na durƙusa na gaya masa, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa ni ban rubuta kuskuren ba, shiru kawai na yi.

"Ka sa hannu?" ya tambaye ni.

"Na sa, Malam."

"Me ka rubuta a sama da hannun?"

"Na duba."

Ya daɗe yana goge alƙalaminsa da tsumma.

"To ai ba shiru ka yi ba, Sa'idu. Shaida ka bayar. Idan na kai wa Malam Ilu littafi ya ce ya duba, daga ranar na daina tsoron littafin, domin na jingina da shi. Yaron nan ya jingina da kai. Shi wanda ya rasa yatsu bai ma san da kai ya jingina ba."

"Malam, in na faɗa za su kore ni. Ga jaririya, ga ku."

"Za su iya. Ba zan ce maka ba za su kore ka ba. Ni dai ba zan ci tuwon kujerar nan ba, ko kai ka ci."

Ban je ranar ba, kada ku ɗauka nan take na zama mutumin kirki. Sai da na ƙara kwana biyu. Ranar Alhamis na shiga ofishin manaja, na tarar da takardar sallamar Isuhu a kan tebur ba a riga an sa mata hannu ba. Na faɗi komai, har da maganar hedima da ɗakin da na san a kulle yake. Manajan ya cire tabarau ya dube ni, ya sa na maimaita a gaban kwamiti. Washegari aka ba ni tawa takardar. Isuhu aka yi masa gargaɗi, aka bar shi a aikinsa.

Na same shi a rumfar kekuna ina kwance nawa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Da ka bar shi a kan ba ka gani ba, wallahi da na yarda har in mutu," in ji shi. "Malam Sa'idu, har gidanka fa na je."

Ya tura kekensa ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ba mu sake magana ba, sai ranar jana'izar Malam da na ɗago kai na gan shi a sahu na biyu. Daga nan muka koma gaisawa, amma ba mu sake cin abinci a kwano ɗaya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na ji daga baya cewa duk yaron da ya koya wa aiki, sai ya sa mutum biyu sun duba masa, kuma sai an gwada ƙarshen wata da ƙarshen shekara. Ni kuwa na yi wata bakwai a gida, sannan na samu aikin sito a wata majema a Challawa. Warin fatar da kuke toshe wa hanci idan na dawo kuna yara, daga nan ya samo asali. Ban sake taɓa kwamfuta ba sai da Bilkisu ta kawo tata gida daga jami'a.

Na daɗe ina tunanin aikin gwajin nan. A lokacin na ɗauka abin da ake gwadawa shi ne wanda ya fi iya rubuta umarni, dubawa kuwa ɗan ƙarin aiki ne da malami ya ɗora mana. Sai da na tsufa na ga cewa ko da nawa firogiram ɗin aka ɗauka, gyaran Isuhu ne a cikinsa, domin ba don shi ba da Muhammadu Sani uku sun zama mutum ɗaya. Shi ya yi kuskure a inda bai sani ba, kuma kowa na yin irinsa. Abin da na yi ni ba shi da layin da za a nuna a ce ga shi, shi ya sa na iya ɓoye shi.

Saura Malam Garba. Bayan damina na shiga mota na je ƙauyensu, domin kamfani ya sallame shi, ya koma gida. Na tarar da shi a gindin wata tsamiya yana koya wa hannun hagu riƙe lauje. Bai gane ni ba sai da na ce ni ne akawun jadawali. Ya sa aka kawo mini fura. Na ce masa ba zan sha ba sai ya ji abin da ya kawo ni, na faɗa masa tun daga soro har zuwa safiyar da hedima ya zo teburina. Ya saurara bai katse ni ba, yana kallon ƙasa.

"Wato da ka soke sunana, da na tafi na kwanta," ya ce.

"Da kun tafi kun kwanta, Malam."

Ya ajiye laujensa a gefe. Sannan ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, yau ba zai iya cewa ya yafe ba, in ya faɗa a baki ne kawai. In sha furata in tafi, in dawo baɗi in sake tambayarsa.

Da shekara ta zagayo na koma, ya ce da saura. Na koma shekarar da ta biyo, ya ce da saura, amma ya raka ni har bakin hanya. A zuwana na huɗu, ina sauka daga mota na hango shi a tsaye yana jirana, ban ma kai ga buɗe baki ba ya miƙo mini hannun dama, wanda tun ranar da abin ya faru yake ɓoyewa cikin riga idan zai gaisa da mutane. Babban yatsa da ɗan ƙaramin ne suka rage. Na kama, ya riƙe ni da su da ƙarfin da ban zata ba.

"Kai, ka cika naci," in ji shi. "Zo mu je, an dama fura."

Ya rasu shekara shida bayan haka, ni na shiga kabarinsa tare da babban ɗansa. Ɗan nasa shi ne Sule, wanda yake zuwa mana duk bayan kaka da buhun gero, kuke ce masa Kawu ba ku taɓa tambayar ta ina muka haɗa jini ba. Ba mu haɗa ba. In ya zo bana ya tarar ba na nan, ku shimfiɗa masa tabarma a soro, ku zauna ku ci abinci tare da shi.